Abokin Nutson Ikram

Concourse Village, Bronx
9 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana Alhaji Yacouba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya fara sauka? Allah ya ba ta sauƙi, kai kuma ya ba ka ladan jinya. Ka gaida min Yaya Mariya da sauran mutanen gida. Yaya zafin Maraɗi? Mu nan sanyi ya fara sakinmu, shago ma alhamdulillahi, atamfa da leshi suna ɗan motsawa.

Na zaɓi in rubuta in ba Souley da zai taso jibi ne don na san halinka. In na aiko saƙon murya, a tsakar gida za ka kunna shi kowa ya ji, maganar kuwa ta 'yarka ce.

Ka ce in bincika maka yaron nan Hakeem da ke neman Ikram. Na bincika. Mahaifinsa Alhaji Abdul-Jalil mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a Jamaica ta Queens, yana da motocin haya, ba wanda ya faɗi sharrinsa a masallaci. Uwar ma mace ce mai kamun kai. Shi yaron a nan aka haife shi, yana aiki a ofishin kaya a filin jirgin sama na JFK, yana salla, ba ya shan komai. Ta wannan gefen ban sami abin kushewa ba, Allah kuwa ya sani na nema.

Matsalar ita ce inda suka haɗu. Wata Laraba na shiga banɗaki zan yi alwalar asuba, ban kunna fitila ba, sai na ga baƙin mutum a rataye saman baho, ba kai, hannuwa a sake, ruwa na ɗiga daga ƙafafunsa. Ihun da na yi sai da maƙwabciya ta buga bango. Ashe rigar roba ce ta 'yarka. Motsa jikin da take cewa tana zuwa kowace Talata in ta taso daga aiki a asibiti, ashe koyon nutso ne. Ba iyo ba fa, Alhaji, nutso. Mutum ya goya tukunyar iska a baya ya shige ƙarƙashin ruwa ya zauna, ba abinsa ne ya faɗa ba, ba kuma aikensa aka yi ba. Suna da kulob guda, Hakeem ɗin kuma shi ne mataimakin malaminsu.

Ka san ni ba a yi min labari. Talatar da ta biyo na yafa mayafina na bi ta. Wani pisin ne, wato ginannen tafkin wanka, a ƙarƙashin ginin makaranta a Queens, warin bilic kamar zai tsage maka hanci. Abin da na gani, da ba a gaban idona aka yi ba da na ce sharri ne. Manyan mutane, wasu da furfura, an ce min akwai lauya da likitan haƙori a cikinsu, kowa ya matse cikin roba kamar buhun gero da aka ɗura ya wuce ƙa'ida. A ƙafa takalma irin na agwagwa, ba sa iya tafiya sai da baya-baya. Kafin su shiga, kowa ya tofa yawu cikin tabaransa, ya murza da yatsa, ya manna a fuska. Na tambaya, aka ce don kada gilashin ya yi hazo. Sannan su ɗaura darma a ƙugu don su nutse da kyau. Mu a garinmu wanda ya ɗaura nauyi a ƙugu ya faɗa ruwa ai malamai ake kira masa.

Da suka shiga sai suka durƙusa a ƙasan pisin ɗin suka yi da'ira, suna yi wa juna magana da yatsu, kumfa na tashi. Iskar da Ubangiji ya shimfiɗa mana kyauta, su sai an ɗura musu ita a tukunya sun saya.

Hakeem da ya hango ni ya fito ya durƙusa har ƙasa, ruwa na zuba, yana ta "Mama, Mama". Agogon hannunsa ya kai murfin kwanon sha. Ladabi kam yana da shi, amma irin ladabin nan ne na wanda yake gaishe ka yana satar kallo ko mutane sun ga ya durƙusa.

Akwai kuma wata Efua, mutuniyar Cape Coast ta Ghana, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, tana aiki a famasi. Ta aske kanta ƙwal, ba miji, dariyarta kamar injin markaɗe. Ta dafa kafaɗata da jiƙaƙƙen hannu ta ce sai ta ga ranar da ni ma zan shiga. Na ce mata ko ranar wankan gawata zuba min za a yi, ba nutsa ni ba. Irin matan da 'yarka ke zama da su ke nan.

Abu ɗaya zan yi adalci a kai: rigar ta rufe ta daga kai har ƙafa, ta kuma ɗora doguwar riga a sama. Amma rufaffen hauka ai hauka ne.

Ka yi tunani ka rubuto min. Ikram na gaishe ka, ba ta san na rubuta wannan ba.

Matarka,
Zinariya


Concourse Village, Bronx
18 ga Yuni

Alhajina,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan ka tashi lafiya. Na ji daɗi da ka ce Inna ta fara takawa zuwa ƙofar ɗaki. Allah ya ƙara sauƙi. An fara ruwa kuwa? A gaida kowa da kowa.

Amsarka ta iso, na kuma gane dariya ka sha da ka karanta tawa. Ka ce yaran zamani ne, in bar su. To madalla. Kai da ko a gulbi ba ka taɓa wuce gwiwa ba, yau kai ne lauyan masu nutso.

Bari in ƙara maka abin dariyar. 'Yarka ta ci jarrabawa. Inda aka yi jarrabawar wani tsohon ramin fasa dutse ne a Pennsylvania da ruwa ya cika, kududdufi dai a taƙaice. Da gangan aka nutsar da tsohuwar motar 'yan makaranta a ciki, mutane su kwaso mota tun daga New York su je su gan ta. Bas ɗin da in ya tsaya a titin Grand Concourse ba mai ɗaga kai ya dube shi, da yake ya sha ruwa ya yi tsatsa ya zama abin ziyara.

Aka yi walimar ba su katin shaidar cin jarrabawar a wani gidan abinci, aka gayyace ni, na je. Alhaji, ban taɓa zama cikin mutanen da ke magana ba mai sauraro irin waɗannan ba. Wannan ya ce ya nutsa a Meksiko, wancan ya katse shi ya ce ai Bahar Maliya ta fi, wani ya ce shi ya yi zurfin da ya fi dogon bene. Kowa jira yake ɗan'uwansa ya ja numfashi ya ƙwace zancen. Sai aka kashe fitila aka haska hotunan kifaye a bango, ja da shuɗi da mai ɗigo-ɗigo, suna ta "wau, wau" kamar an nuna musu jikokinsu. Da aka nuno wani ƙato mai kauri, na tambayi na kusa da ni da wace miya ake cinsa. Wurin ya yi tsit kamar na zagi uban wani. Efua kaɗai ta ƙyalƙyale har tana buga tebur.

Daga nan Hakeem ya haska nasa. Yana da kyamara da yake ɗaurawa a bakin sanda, yana kuma saka majigin a intanet mutane su yaba. Na lura da kyau. A kowane hoto fuskarsa ce ta cika bangon, kifin yana can gefe kamar wanda ya zo wucewa.

Suna da wata ƙa'ida da suke ji da ita kamar karatun salla: ba a nutso mutum ɗaya. Kowa da abokin nutsonsa, ku sauka tare, ku taso tare, idonka na kansa, in iskarsa ta ƙare ka ba shi taka. Shugaban kulob ɗin ya yi dogon jawabi a kai, ya ce su iyali ne. Hakeem ya miƙe ya ce shi ya sami abokiyar nutso ta har abada, ya ɗaura wa Ikram agogo irin nasa a gaban jama'a. Aka yi ta tafi, wata Baturiya har da share hawaye. Ni kunya ce ta kama ni. Ba a kawo ko ƙwayar goro ba, ana shelar har abada a gidan abinci. Ya ma riga ya tsara inda za su je bayan biki: mako guda a cikin jirgin ruwa a Masar, ana nutso safe da yamma. Amarya da lalle a jiƙa ta a ruwan gishiri.

A mota na tambayi Ikram abin da take samu a ciki. Ta ce wuni take cikin ƙarar na'urori da kukan marasa lafiya, ana kiran sunanta ta ko'ina, amma a ƙarƙashin ruwa ba abin da take ji sai numfashinta. Maganar ta ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ce mata in shiru take nema, ga sallaya.

Alhaji Abdul-Jalil ya aiko yana tambayar yaushe za su zo gaisuwa. Na ce sai na ji daga gare ka. Ni dai ina roƙonka kada ka yi gaggawa. Ban kama yaron da komai ba, zuciyata ce kawai ba ta kwanta ba.

Cikin watan Agusta za su fita teku na gaske, karon farko ga Ikram, su je kallon wani jirgi da ya nutse tun zamanin kakanni. An ce ana barin 'yan rakiya su zauna a sama. Na ce da ni za a je. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Zinariya


Concourse Village, Bronx
14 ga Agusta

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da kowa. Kafin komai ka kwantar da hankalinka: Ikram tana nan lafiya, tana ɗakinta tana barci yanzu haka. Ka yi hamdala sannan ka ci gaba da karatu, kuma ka karanta kai kaɗai.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka tashi daga Sheepshead Bay a Brooklyn. Jirgin ƙarami ne, warin man gazuwal da ƙarnin kifi. Ba mu yi nisa ba cikina ya juye, na amayar da abin da na ci har da na ranar sunana. Efua ce ta riƙe min mayafi ta cusa min alewar citta a baki. Ko godiya ban iya yi mata ba.

Aka tsaya a tsakiyar ruwa, ba ƙasa ta ko'ina. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar na hotunansu, kore ne mai duhu kamar miyar kuka. Aka saki igiya zuwa ga mushen jirgin da ke ƙasa, suka fara faɗawa bibbiyu. Ikram ta ɗaga min hannu, Hakeem ya ce, "Mama, kada ki damu, tana hannuna." Suka shige. Efua da abokin nutsonta, wani siririn dattijo, su ne na ƙarshe.

Na zauna da carbina. Can suka fara fitowa bibbiyu kamar yadda suka shiga. Sai ga Hakeem ya ɓullo shi kaɗai, ya ɗaga hannu sama da wata halitta da suke kira lobsta, kamar ƙatuwar kunama mai ƙahoni, a ramukan jirgin suke kamo ta. Yana dariya yana cewa a ɗauke shi hoto. Na ce, "Ina Ikram?" Ya waiwaya bayansa kamar wanda ya manta lema a jirgin ƙasa. Ya ce, "Ai na ɗauka ta riga ni fitowa."

Mai jirgin, wani tsohon Bature, fuskarsa ta canza nan take. Ya tambaye shi yaushe ya yi mata ganin ƙarshe. Hakeem ya fara in'ina. Mai jirgin ya daka tsawa wani ya sake goya tukunya. Ni kuwa na riƙe ƙarfen gefen jirgi ina kallon ruwan nan da ba a ganin komai a cikinsa. Alhaji, na haihu, na binne uwata da ubana, amma ban taɓa sanin tsayuwa irin wannan ba. Addu'a ma ta ɓace min, sunanta kawai nake maimaitawa.

Sai wani ya yi ihu yana nuni. Can nesa wata doguwar balan-balan mai ruwan lemo ta tsaya a kan ruwa. Bayan wani lokaci kawuna uku suka fito kusa da ita. Da jirgin ya matsa na ga Efua ta damƙe ɗamarar Ikram da hannu ɗaya, tiyon iskar Efua kuma yana bakin 'yata. Aka jawo ta sama, leɓunanta sun yi fari fat, aka sa mata iskar asibiti. Ta kama hannuna ta matse har yau wurin na ciwo.

Ga abin da ya faru, yadda ita da Efua suka gaya min. Mushen jirgin cike yake da zaren fatsa da masu kamun kifi suka tsinka suka bari, siriri ne, ba a ganinsa a ruwa. Tana bin bayan Hakeem sai zaren ya naɗe kan tukunyarta ta bayan wuya, inda ba ta gani kuma hannu ba ya kaiwa, ya kuma harɗe mata ƙafa. Ta haska masa tocila, ta buga tukunya da ƙarfe. Yana gabanta kaɗan, ya cusa hannu a rami yana bin abin nan. Da ya kuɓuce masa ya bi shi gaba. Tana kallo haskensa ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Ba ta da abin yanka, domin ranar da za ta saya, shi ya hana ta. Ya ce kada ta wahalar da kanta, wuƙarsa ta ishe su su biyu.

Ta yi ta fizga, zaren na ƙara shaƙe ta, iskarta na zurarewa. Da ta ga haka sai ta tsaya cak ta kama salati a zuci. Efua da ke zagayowa daga baya ta lura da kumfa na tashi daga wuri ɗaya ba ya gusawa, ta ce wannan ba lafiya ba. Ta je ta yanke zaren, ta duba ta ga iskar Ikram ta kusa ƙarewa, ta ba ta tata. Suka taso a hankali suna tsayawa, don an ce wanda ya taso da sauri jininsa ke lalacewa. Igiyar ta ɓace musu, ruwa ya ja su nesa.

Yanzu ka ji halin iyalin nan da ake yi mana jawabi a kansu. A hanyar dawowa maza suka kewaye Hakeem suna bubbuga kafaɗarsa. Wannan ya ce yakan faru, wancan ya ce ruwan ne yau ba a gani. Shugabansu ya ce darasi ne ga kowa. Har wani mai baki ya ce ita ma da ta matso kusa da shi. Shi kuma ya zo ya tsuguna ya ce mata "sori, bebi" sau biyu, ya tashi. Jim kaɗan na hango shi a bayan jirgi, ya ɗauka ba mai ganinsa, ya fito da lobstar daga akwatin ƙanƙara yana ɗaukar kansa hoto da ita.

Ban yi ihu ba, ban zage shi ba. Na tashi ina tangaɗi, na naɗe hannuna da gefen mayafi, na karɓe ta daga hannunsa na wurga ta teku. Na ce, "Ita ma tana da masu jiranta a gida." Sai ga dariyar nan ta Efua mai kama da injin markaɗe. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba.

Mun biya asibiti an duba ta, ba abin da ya same ta. Sadaka na riga na bayar, kai ma ka bayar a can.

Matarka,
Zinariya


Concourse Village, Bronx
10 ga Satumba

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Inna, Allah ya sa damina ta yi albarka. Saƙonka ya same ni, na karanta shi sau uku ko zan ga inda na yi kuskuren fahimta.

Ka ce Alhaji Abdul-Jalil ya kira ka, ya ce ƙaddara ce, yaron ko abinci ba ya ci, kada kuskure ɗaya ya raba zumunci. Ka ce kai ma kana ganin a yi haƙuri tunda Allah ya kiyaye. Allah kam ya kiyaye, amma ta hannun Efua, ba ta hannun ɗan gidan mutunci ba. Zancen rashin cin abinci kuwa, kwana biyu da faruwar abin ya saka majigin ranar a intanet, da kiɗa a ƙarƙashi, ga shi ga lobsta. Mutane suna ta yi masa jinjina.

Abin da ba ka sani ba shi ne sun zo gidan nan ranar Lahadi, shi da iyayensa, da furanni cike da hannu kamar za a buɗe shago. Ya yi bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci, da kalmomin malamai: ruwa ya yi duhu, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ƙa'ida ta ce kaza. Ikram ta bar shi ya gama. Sai ta ce, "Da ka waiwaya ba ka gan ni ba, me ka yi?" Ya ce ya dudduba. Ta ce, "Sannan fa?" Ya kau da kai. Ta ce, "Ƙa'idar da kai ka koya min ta ce ka neme ni kaɗan, in ba ka gan ni ba ka taso ka faɗa. Ka taso?" Ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗauka ba abin da zai same ta, ga shi kuma ya kusa kama abin. Sai da iskarsa ta ja baya ya fito.

Uwarsa ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tausayinta ya kama ni. Ubansa bai sake ɗaga ido ba. Ikram ta shiga ɗaki ta ɗauko agogon ta ajiye a kan tebur kusa da furannin, ta durƙusa ta gaida iyayen da ladabi, ta koma ciki. Ba ni na sa ta ba.

Kulob ɗin ma sun zauna. Efua ta nemi a dakatar da shi daga koyar da sababbi. Aka kaɗa ƙuri'a, aka ce kada a ɓata sunan kulob a kan abin da ba a mutu ba. Yana nan yana koya wa 'ya'yan mutane cewa ba a barin aboki. Efua ta kwashe kayanta ta fita, mata huɗu da siririn dattijon nan suka bi ta.

Alhaji, tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa tsallake maganarka a kan yaran nan ba. Wannan karon ina roƙonka da girman Allah. Ba mugu ba ne, na yarda. Mutum ne da in ya hango abin da yake so, sai ya manta akwai wani a bayansa, irin wannan kuwa ba a gane shi sai ranar da ake bukatarsa. Mu Allah ya nuna mana tun ba a ɗaura ba. In kana jin nauyin Alhaji Abdul-Jalil, ka ce ni ce na ƙi. A yi da ni a gidajen suna, zan ɗauka.

Ina jiran amsarka.

Zinariya


Concourse Village, Bronx
15 ga Oktoba

Alhajina,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Na yi murna ƙwarai da jin Inna ta warware har kana shirin dawowa. Na kuma gode da kiran da ka yi wa Alhaji Abdul-Jalil ka warware maganar auren, da yadda ka ɗauki maganar a wuyanka ba ka jingina ta gare ni ba. Allah ya bar mana kai. Da na gaya wa Ikram sai da ta yi kuka.

Na ɗauka da tafiyar yaron an rabu da ruwa ke nan. Na tattara rigar robar da takalman agwagwar na ƙulle a leda na kai ɗakin shara na ƙasan bene. Da ta dawo aiki ta sauka ta ɗauko abinta. Na yi faɗa, na yi kuka, har na ce ban yafe ba in ta sake shiga, daga baya na janye. Ta bari na huce sannan ta ce, "Mama, ai ba ruwa ne ya tafi ya bar ni ba." 

Da na ga ba zan iya hana ta ba, na ɗauko babban almakashina na yankan shadda na ba ta. Efua ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kwana ɗaya zai yi tsatsa. Ta ja ni kantin 'yan nutso, ni da ƙafata, na tsaya cikin robobin nan masu wari na sayi irin nasu guda biyu, ɗaya na ƙirji ɗaya na ƙugu. Na ce kada in sake jin wuƙar wani ta ishe ta.

Asabar ɗin da ta wuce suka koma wurin jirgin nan dai, ita da Efua. Ban shiga ba, a bakin gaɓa na zauna da carbina har suka dawo. Ta sauko tana rawar sanyi, idanu jajur, shatin tabarau a fuska kamar mujiya. Na ce me kika gani? Ta ce ba komai, duhu da tsatsa. Na ce to me ya kai ki? Sai ta buɗe wata 'yar jakar raga ta zazzage a gabana: dunƙulen zaren fatsa ya kai kan jariri, da ƙugiyoyi da gansakuka. Duk nutson nan shi suka yi ta yanka. Ta ce, "Almakashinki yana ci, Mama." Na ɗauka da hannuna na jefa a kwandon shara, muka tafi gida.

Har gobe ina kan bakana, hauka ne, kuma masu yinsa yawancinsu ba su da aikin yi. In ka dawo ka gwada naka wa'azin, wataƙila kai ta ji.

In za ka taho ka riƙo kilishi da yajin ƙuli mai yawa, ka sa a ƙulle kashi biyu. Ɗaya na Efua ne. Tana zuwa cin tuwo duk Juma'a, kuma matar nan ba ta san ƙoshi ba.

Allah ya kawo mana kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Zinariya